Yadda direba zai bi da wahalar mai a Gadarif, daga layin ɗurumba (gidan mai) zuwa jarkar gida

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a Disambar shekarar, samarinmu da yawa da suka sauka Gadarif da Kasala sun kama sitiyari don ciyar da gida. Wani raksha (keke mai ƙafa uku), wani boksi (a-kori-kura), wani amjad (ƙaramar motar haya) ta wani alhaji da yake kai wa balas kowace yamma. Tuƙin ba ya ba su wuya. Makon farko na wahalar mai ne yake karya su. Sai ka ga yaro ya fita da asuba da rabin tanki, ya dawo la'asar allura ta kwanta, bai ɗauki fasinja ba, bai kuma sha mai ba, yana ta zagaya gari daga wannan gidan mai zuwa wancan. Su nake rubuta wa wannan, kuma ba zan tsaya koya wa kowa duba baƙin mai da ruwan lagireto ba.

Ka fara da sanin inda man yake fitowa, domin da shi za ka tace jita-jita. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a Yulin 2011 da kusan kashi uku cikin huɗu na ɗanyen man ƙasar, Sudan ba ta sake wadata irin ta da ba. Matatar Jaili da ke arewacin Khartoum ita ce babba, yaƙin nan kuma ya tsayar da ita. Saboda haka yawancin abin da ke shiga tankinka jirgin ruwa ne ya sauke shi a Port Sudan, tanka ta ɗauko shi ta Haya da Kasala, tafiyar sama da kilomita 700 kafin ya iso mana. Abin da ya taɓa tashar jiragen ruwan ko hanyar zai taɓa mu bayan 'yan kwanaki. An gani a Satumba da Oktoban 2021 lokacin da 'yan ƙabilar Beja suka rufe tashar da hanyar, an sake gani a Mayun 2025 da jirage marasa matuƙa suka kai hari kan rumbunan mai na Port Sudan. To idan wani ya ce maka mai zai yanke, tambaye shi me ya faru a hanya. In amsarsa ba ta wuce “haka ake faɗa a WhatsApp” ba, je wurin direbobin manyan motoci da suka sauko daga gabas jiya ka ji ta bakinsu. Mai motar jaz, wato dizal, kuma ya riƙe lokuta biyu a ransa: farkon damina da taraktoci ke fita manyan gonaki, da kaka lokacin yankan riɗi da dawa.

Wani lokaci mu ne ke jawo yankewar da hannunmu. Rijiyar gidan mai tana da iyaka, kuma an auna ta ne da cinikin yau da kullum. Ranar da duk mai shan galan biyu ya ce sai an cika masa, ya kuma zo da jarka, man kwana uku zai ƙare kafin azahar. Mai wucewa ya ga famfo a rufe, ya buga wa ɗan'uwansa waya, gobe layi ya ninka.

Dokata a kan wannan ɗaya ce: rabin tanki shi ne ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lokacin da mai ke akwai, kada ka bari allura ta sauka ƙasa da rabi. Mai rabin tanki yana iya aiki kwana biyu yana kallon yadda abin zai kasance. Wanda ya saba yawo a rizab kuwa ba shi da zaɓi, duk farashin da aka faɗa masa zai biya. Akwai kuma maganar inji. Famfon mai na motocin zamani a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi, kuma idan ya yi ƙasa sosai dattin gindin tanki yake zuƙa. Motar jaz in ta shanye ƙarƙaf sai iska ta shiga bututu, sai an zo an fitar da ita kafin ta tashi. Kuɗin famfo ɗaya ya fi ribar mako.

Yanzu zaɓen layi, kuma a nan zan daɗe, domin a nan ne sababbin direbobi ke asarar wuni da jari.

Tsawon layi ba shaida ba ne cewa akwai mai. Mutum biyar su tsaya a ƙofar ɗurumba don sun ji ƙishin-ƙishin, cikin awa ɗaya sai ka ga mota hamsin a bayansu, kowa yana zaton na gabansa ya san wani abu. Saboda haka kada ka shiga layi sai ka taka da ƙafarka har bakin famfo. Ajiye motar a inuwa, kashe ta, ka tafi a ƙasa. Duba ko ma'aikatan famfo suna nan ko sun watse. Duba ko akwai wuta, in babu, ko janaretan gidan yana aiki, domin na sha ganin rijiya cike da mai amma babu abin da zai ɗago shi. Sannan ka je wurin mai shayin da ke zaune a gefen gidan. Ka gaishe ta yadda ya kamata, ka sayi shayi, ka ce, “Inna, yaushe rabon tanka da nan?” Ita da maigadi sun fi kowa sani, tun asuba suna wurin, kuma ba su da abin da za su ci a ɓoye maka.

In ka tarar da tanka a tsaye, kada murna ta sa ka ruga ɗauko mota. Tambayi yaron tankar abu uku. Banzin ne, wato fetur, ko jaz? Nawa za a sauke a nan, tunda tanka ɗaya kan raba kayanta gida biyu ko uku? Kuma na kowa da kowa ne, ko an ware shi ga manoma masu takardar izini, ko motocin hukuma, ko hafilolin layi, wato bas-bas na haya? Yara da yawa sun kwana a bayan tankar jaz alhali raksha suke tuƙawa.

Daga nan sai lissafi, kuma a kai ake yin sa. A ce an sauke galan 2,000, ana ba kowace mota galan 4. A takarda mota 500 ke nan. Ni nakan cire kashi ɗaya cikin uku, na masu shiga ta ƙofar baya da na ajiyar da mai gidan zai riƙe wa mutanensa. Ya rage kusan 330. Sai ka bi layin kana ƙirgawa har wutsiya, kana tuna cewa raksha da babura galibi layinsu daban amma rijiyar ɗaya ce. In lambarka ta faɗa cikin lissafin, shiga ka zauna. In ta wuce da nisa, koma ka yi aiki da abin da ke tankinka, ka dawo kafin asuba ka kama gaba a tanka ta gaba. Yaran nan ba sa son jin wannan, gani suke barin layi asara ce. Amma wanda ya wuni a layin da mai ba zai kai kansa ba ya rasa cinikin ranar, ya sayi abinci da ruwa daga aljihu, kuma maigidan mota yana jiran balas.

In kuwa ka shiga layi mai kyau, to ka kafe. Za a zo a ce an fara bayarwa a wani gida can hanyar Doka ko bakin kasuwa, za ka ga motoci suna zarewa da gudu. Kada ka motsa sai wanda ka sani, ka kuma yarda da shi, ya ce maka ya ga mai yana zuba da idonsa. Hanyar da ta fi ita ce ku haɗa kai ku biyar ko shida 'yan unguwa ɗaya, mutum ɗaya ya zagaya a kan keke ko babur yana kawo labari, sauran su riƙe masa wuri. Man babur ɗaya aka ƙona maimakon na mota shida.

A cikin layi, inji a kashe. Raksha turawa ake yi, boksi ma mutum biyu sun isa, sai dai ka tuna birki yana tauri idan inji ba ya aiki, hannunka ya kasance kusa da birkin hannu. Kada ka cinye batir da rediyo da cajin wayoyin mutane. Ku rubuta sunaye da lambobin mota a takarda tun da wuri, ku ba wani dattijo ya riƙe, wannan yana kashe rabin faɗan da ake yi. Ku yi salla da cin abinci bi da bi. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, saboda haka ruwa da rawani ko hula dole ne, kuma don Allah kada ka kawo ƙaramin yaro ya riƙe maka layi a cikin mota. In kwana ya kama, ka fara tambaya ko akwai dokar hana fitar dare, takardunka na mota da na kanka su kasance a jikinka, murfin tanki a kulle. Kada ka kwanta da inji a kunne da gilashi a rufe, hayaƙin salansa ba ya tashin mai barci. Mai kaki in ya shigo gabanka, ƙyale shi, galan huɗu bai kai ranka ba.

Da ka iso famfo, idonka a kan mita, ta koma sifiri kafin a fara. Galan ɗinmu lita huɗu da rabi ne, ka san abin da ya kamata allurarka ta nuna. Ka zo da kuɗi a hannu da kuma Bankak, manhajar biyan kuɗi ta waya, domin wanda ya ga yankewar sadarwa ta Fabrairun 2024 ya san waya tana iya mutuwa a daidai lokacin biya. Kada ka ce a cika har wuya, mai yana kumbura da zafi ya tsiyaye.

Sai jarka. In da ta ni ne, direba ba zai ajiye banzin a gida ba ko kaɗan. Unguwanninmu da yawa a Gadarif gudiyoyi ne, wato bukkokin ciyawa, da dangar kara, kuma a kowane gida akwai murhun gawayi, ana gasa bunnin jabana, wato 'ya'yan kofi, ana turaren wuta. Tururin banzin ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana rarrafe, zai iya kaiwa ga garwashin da ke can gefen tsakar gida ba tare da kowa ya taɓa jarkar ba. Wutar da ta kama gudiya ɗaya ba ta tsayawa a gidanka. In ya zama tilas, kuma hukuma ba ta hana ba, to jarka ɗaya tak, ta ƙarfe ko wadda aka yi don mai, ba ta man girki ko robar ruwa ba. A bar mata sarari a sama, a toshe da kyau, a ajiye a inuwa a waje inda iska ke wucewa, nesa da madafa da ɗakin kwana da hannun yara. Wajen cikawa a sauke ta ƙasa, ba a bayan boksi ba. Kuma banzin ba dawa ba ne da za a zuba a rumbu, a zafin nan ƙarfinsa yana raguwa cikin 'yan watanni. Zuƙo mai da baki ta tiyo kuwa ku daina, ƙannena. In ya sarƙe mutum ya shiga huhu, ciwo ne babba. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, a kai shi asibiti.

'Yan bumburutu ba zan ce kada ka je ba, domin akwai ranar da mara lafiya ke mota. Amma ka gwada kafin a zuba. Ka tsiyaya kaɗan a kwalba mai haske ka bar ta ta natsa, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa. Ka ɗiga a farar takarda, banzin mai kyau zai bushe ya tafi, wanda aka haɗa da kananzir ko jaz zai bar tabon maiƙo. A zuba ta mazurari da tsumma mai tsabta a bakinsa. Ka sayi na fita kunya kawai, galan ɗaya ko biyu, daga mutumin da gobe za ka same shi a wurin.

Sauran a taƙaice. Iskar taya daidai kowace safiya. A daina zaman silo a tasha ana jiran fasinja, a daina yawon neman su, a tsaya wuri ɗaya a cika kafin a tashi. Totur a hankali, giya babba da wuri, a kan titin Kasala ko Madani kilomita 80 a awa ta isa. Ka sauke tarkacen da ke bayan mota. Ka faɗa wa maigidan mota halin da ake ciki tun ranar farko ku daidaita balas, kada ka bari bashi ya taru sannan ka zo da bayani. Kuɗin mota ka faɗa wa fasinja kafin ya hau, ƙarin ya zama gwargwadon abin da ka saya, domin da yawa daga masu hawan nan 'yan gudun hijira ne irinka.

Ranar da mai ya dawo, juye na jarka a tanki cikin makon, ka canza filtar mai, mai raksha kuma ya sa a wanke masa kafireta ya duba filogi.