Darasi na 9: Sauya taimin bel na Mazda MX-5 da saita shi

Toh ɗan'uwa yau za mu buɗe bonet ɗin wata ƴar ƙaramar motar tsere mai kujera biyu, Mazda MX-5, wadda aka fara ƙerawa a Hiroshima ta ƙasar Jafan a 1989, a Amurka Miata suke ce mata. Ba lallai ka taɓa ganinta ba, amma injin samfurinta na farko mai lita 1.6 dangin na Mazda 323 ne, in ka iya wannan hannunka ya faɗa.

Taimin bel shi ne bel ɗin roba mai haƙora da ke haɗa kiranshaf na ƙasa da kamshaf guda biyu na sama, shi yake sa bawul ya buɗe ya rufe daidai lokacin da fistin ke hawa da sauka. Ana sauya shi wajen kilomita 96,000. Abin daɗi da wannan injin ko bel ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, mota dai za ta mutu a hanya kawai. Amma kar ka ɗauka duk motoci haka suke, a Porsche 944 in ya tsinke sai bawul sun lanƙwashe, sai an sauke kan injin.

Ka bari injin ya huce tukuna, ka cire kan batir, ka tsiyaye ruwan lagireto. Sai ka cire fanbel, da murfin saman injin, da fulogi huɗun duka saboda injin ya riƙa juyawa da sauƙi a hannu, da fuli na ƙasa da marfunan roba da suka rufe bel ɗin. Notinan nan ka zuba su a gwangwani daban daban, in ka watsa su a ƙasa za ka sha nema.

Yanzu ga inda karatunmu zai yi rana. A jikin kowane gargaren kamshaf, wato fulin nan mai haƙora da bel ke hawa kansa, an buga haruffa biyu, I da E, kuma a jikin farantin ƙarfen da ke bayansu ma akwai E da I. Ka tsaya a gaban mota, ka juya kiranshaf da sifana ta hannun dama yadda agogo ke tafiya har ɗan tsagin da ke jikin gargarensa ya zo saitin alamar da ke samansa. Gargare na hagunka shi ne na shigar iska, I ɗinsa ya kalli sama, E ɗinsa ya yi saiti da E na faranti. Na dama na fitar hayaƙi ne, E ɗinsa sama, I ɗinsa saitin I na faranti. A nan mutane ke rikicewa wallahi, har da waɗanda suka daɗe a gareji, don haka ka karanta da baki kafin ka taɓa komai. In ka ga alamun sama ba su zo ba ka ƙara zagaye ɗaya, don sai kiranshaf ya zaga sau biyu kamshaf ke zagawa sau ɗaya.

Sai ka sassauta notin tenshina, wato fulin da ke danna bel ya yi tsauri, ka tura ta gefe ka ɗan ɗaure ta a can, ka zare tsohon bel. Tunda ka riga ka buɗe wurin ni dai shawarata ka sauya famfon ruwa da tenshina da fulin da ke kusa da ita da sil ɗin mai gaba ɗaya, famfon a bayan bel yake, in ya fara yoyo bayan wata biyu duk wannan wahalar za ka maimaita. Kuma kar baƙin mai ya taɓa sabon bel, cinye roba yake.

Wajen sa sabo ka fara daga ƙasa, ka ja shi ya yi tsam ta ɓangaren da babu tenshina. Kamshaf na son zamewa saboda sifirin ɗin bawul na tura shi, sai yaronka ya riƙe maka da sifana a wurin da aka yi masa kusurwa shida. Ka ƙirga haƙoran bel tsakanin I na sama da E na sama, 19 ne. In ka samu 18 ko 20 haƙori ɗaya ya tsallake, motar za ta tashi amma ba ƙarfi, tana karkarwa tana shan mai.

Ka juya injin zagaye biyu saura kaɗan, akwai wata alama ta daban da aka yi don wannan, a nan za ka sassauta tenshina sifirin ɗinta ya ja bel da kansa, sannan ka ɗaure. Kar ka ƙara masa da ƙarfin hannu, bel mai tsauri da yawa kuka yake yi yana kashe boris. Sai ka sake juyawa har alamu su dawo, ka duba ukun duka, ka danna bel tsakanin gargare biyu na sama ka ga ya lotsa kamar santimita ɗaya.

Aikin gida: a littafinka ka zana gargare biyu, ka rubuta I da E a inda ya dace, ka jera haƙora 19 a tsakaninsu, ka zo da shi ranar darasi na gaba.