Fara rubuta lambar babansu

'Yar uwa, in za ki cike fom ɗin makarantar yara, fara rubuta lambar babansu. Taki ta biyo baya.

Malamai lambar farko suke kira. Kuɗin PTA, gorar ruwa ta ɓata, yaro ya yi amai, duk a kan uwa suke sauka, sai ka ce ita kaɗai ta haife shi.

Tun da na yi haka, maigidana har sunan malamar ajin autarmu ya haddace. Ran nan daga Kantin Kwari ya tari adaidaita ya je ɗauko yarinyar, ni ina ofis ina kurɓar shayina da zafinsa.

Amma fa in naki gwanin tura saƙo ne, dabarar ba ta ci. Ƙawata ta gwada, duk abin da makaranta ta aiko sai ya turo mata da "ki duba".