Kafin ka saka farashi a tenda, je ka ga filin

Ɗan'uwa ɗan kwangila, don Allah kar ka cike tenda, wato takardar neman kwangila, daga ofis kawai.

Da farko karanta zane da takardun aikin tsaf, yawancinsu akwai sharaɗin da ke cewa an ɗauka ka riga ka duba fili, wato abin da ido zai iya gani in ka tsallake shi asarar a wuyanka take.

Sai ka je da ƙafarka, ka tafi da injiniya. Ƙasar ita ce babban abu. A haƙa ramin gwaji ko biyu, ka damƙi ƙasar a hannu, in laka ce mai danƙo toh tana kumbura da ruwa ta tsage da rani, fandisho zai ci rodi da kankare fiye da lissafinka, in kuma dutse aka tarar ko ruwa ya fara tsattsafowa a ramin, kuɗin haƙa ya canza kenan. Nemi rahoton gwajin ƙasa in akwai.

Duba hanya, tifa za ta iya shiga da damina? Ina ruwa, ina wuta, akwai bututu ko waya a binne?

Ɗauki hotuna da kwanan wata. Duk abin da ya saɓa wa zane, tura tambaya a rubuce kafin ranar rufe tenda, ka ajiye amsar.