Kurakuran da aka fi yi wajen kiwon manhajar ware ƙwayoyi a hotunan asibiti

A 1992 John Koza na Jami'ar Stanford a Amurka ya yaɗa dabarar jenetik furogiramin: a harhaɗa ƙananan manhajoji barkatai, a gwada su, a zaɓi masu ƙoƙari a gauraya sassansu, a ɗan sauya wasu, a sake zagayowa, kamar yadda makiyayi ke zaɓen bijimin da zai bari a garke. A 1996 Riccardo Poli ya gwada ta a kan hotunan asibiti, a 2023 kuma masu bincike a Tulus ta Faransa suka fito da Kartezio, manhajar da ke amfani da wannan dabara wajen ware ƙwayoyi a hotuna. Abin da ke jan mutane ga dabarar shi ne tana koyo daga hotuna kaɗan, kuma ana iya bin aikinta mataki-mataki, saɓanin irin su U-Net, manhajar ware sassan hoto da ba a iya ganin yadda take yanke hukunci cikin sauƙi. Sai dai halinta ɗaya ne: abin da ka auna, shi za ta ba ka, ko da ba shi kake nufi ba.

Shi ya sa babban kuskure yake wajen ba da maki. A ce hoton jini ne da aka shafa a gilashi don neman ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ƙwayoyin cutar kuma kashi 1 cikin 100 na hoton kawai suka ci. In ka ce makin shi ne yawan ɗigon hoton da aka canka daidai, manhajar da ta shafe komai da baƙi ta ce babu cuta za ta ci 99, 'ya'yanta su cika garken. Gyaran shi ne ma'aunin Dice: a ninka wurin da zanen ƙwayoyin da manhaja ta yi da wanda ƙwararre ya yi da hannu suka haɗu sau biyu, a raba da jimillar faɗin zanen biyu. Baƙin hoto a nan sifili zai ci.

Dice ma ba ya gama magana. Jajayen ƙwayoyin jini biyu da suka manne, in manhaja ta zana su a dunƙule, makinta zai yi kyau alhali ƙidaya ta lalace. Idan ƙirga kake so, ka ba kowace ƙwaya makinta daban, kada a karɓe ta sai zanen biyu sun haɗu da aƙalla rabi. Ka kuma sa dabarar wotashed, wadda ke ja layi tsakanin ƙwayoyin da suka manne, cikin kayan aikin da ka ba ta, domin da ma'aunin Otsu na 1979 kaɗai, wanda ke raba haske da duhu, ba za ta iya raba abin da ya manne ba komai daɗewar kiwon.

Wani kuskuren shi ne yanka hoton majinyaci ɗaya gutsi-gutsi, a watsa wasu a koyo wasu a gwaji. Sakamako zai fito gwanin sha'awa, amma gilashin kawai manhajar ta haddace. A raba hotuna bisa majinyaci, a kulle na gwajin ƙarshe har kiwo ya ƙare.

Rini ma yana yaudara. Ana haɗa rinin Giemsa, wanda ake rina jini da shi a gilashi, da ruwa mai pH (ma'aunin tsami) 7.2, in ruwan ya yi tsami ƙwayoyin su yi ja-ja, in ya karkata ɗaya gefen su yi shuɗi-shuɗi. Manhajar da ta saba da rinin ɗakin gwaji ɗaya da fitilar madubin likita ɗaya tana iya rikicewa a asibitin da ke maƙwabtaka. A haɗa hotuna daga wurare daban-daban, a bar ta ta duba launi ta tsarin HSV ko LAB, masu raba haske da launi, ba ta RGB (ja, kore, shuɗi) kaɗai ba.

Manhajojin kan yi ta kumbura da matakan da ba sa tsinana komai, don haka a sa iyakar tsawo ko a rage wa doguwa maki. Kiwo sau ɗaya kuwa ba hujja ba ne tunda da sa'a a ciki. A maimaita sau da yawa, a faɗi matsakaici har da mafi muni.

Zanen ƙwararre da ake kira gaskiya, shi ma hannun mutum ne. A ba mutum biyu hotuna iri ɗaya su zana, a auna Dice tsakaninsu. In makin manhajarka ya zarce nasu da nisa, koma ka bincika ko salon mai zane ɗaya ta kwaikwaya.