Yadda za ka daidaita manzilin wata na Indiya da burjin Turawa

Akwai wani jadawali da matasa ke ta tura wa juna a WhatsApp a nan Tawa: gefe guda burujan Turawa goma sha biyu, gefe guda sunayen Indiya, wai duk ɗan burjin Zaki manzilinsa Magha ne, ɗan burjin Rago kuwa Ashwini. Jadawalin nan ba shi da tushe. Abu biyu ne daban ake aunawa, kuma kowane da inda yake fara awonsa. Lissafi nake koyarwa a lakwal, shi ya sa abin ke damuna, don gyaransa bai wuce debewa da rabawa ba. Ɗauko biro da takarda.

Burjin da ake ce maka naka ne, wurin da rana take ne a ranar haihuwarka. Hanyar rana da'ira ce mai daraja 360, an yanka ta kashi 12, kowane daraja 30: Hamal wato Rago, Saur wato Sa, Jauza, Saraɗan, Asad wato Zaki, har zuwa Hut, Kifi. Ana fara ƙirga daga inda rana take a 20 ko 21 ga Maris, lokacin da dare da rana ke daidaita. Ke nan burjin Turawa lokutan shekara yake bi.

Mutanen Indiya kuwa wata suke dubawa. Wata yana gama zagaya taurari cikin kwana 27 da kusan sulusi. Kada ka haɗa wannan da kwana 29 da rabi na tsayuwar wata, wancan komawarsa ce ga rana. Sai suka raba da'irar gida 27, suna ce wa kowane nakshatra, wato manzili, faɗinsa daraja 13 da daƙiƙa 20 (daƙiƙa 60 ce daraja ɗaya), kusan zangon da wata ke ci a kwana guda. Kowane gida kuma an sake raba shi huɗu, suna ce wa kashin pada. Gida biyu da kwata ne ke cika burji ɗaya, don haka gidaje da yawa ƙafarsu ɗaya tana wannan burji, ɗayar tana wancan. Su daga taurari suke fara awo.

A nan matsalar take. Mutum biyu ne ke auna gona, ɗaya ya kafa igiyarsa a gindin gawo, ɗaya a bakin korama mai cin gaɓa kowace damina. Wurin daidaituwar dare da rana yana ja da baya a cikin taurari, daraja ɗaya a kowace shekara 72, zagaye guda cikin shekara kusan 26,000, saboda tangaɗin da duniya ke yi a kan sandar juyawarta. Hipparkus na Girka ya gano haka tun ƙarni na biyu kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Wajajen shekara ta 285 mafarin biyu sun haɗu, bisa ƙididdigar Lahiri da gwamnatin Indiya ta ɗauka bayan aikin kwamitin gyaran kalanda a shekarun 1950. Yau tazarar ta ɗan haura daraja 24. Suna ce mata ayanamsha. Riƙe wannan 24 ɗin da kyau.

To, ga aikin. Nemi darajar wata a ranar da sa'ar da kake so. Ni manhajar Stellarium nake buɗewa a kwamfuta, kyauta ce: sa Tawa ko Yamai, sa kwanan wata da sa'a, danna kan wata, za ka ga darajarsa a kan hanyar rana. Daraja biyu za ta nuna maka: ɗauki ta ranar, kada ka ɗauki ta shekara 2000, don ta ranar ita ce awon Turawa. A ce ka samu 70. Raba da 30, ka samu biyu da saura 10: burji biyu sun wuce, wata yana daraja 10 cikin na uku, Jauza.

Debe 24 daga 70, saura 46. Rabawa da 13 da daƙiƙa 20 tana rikita ɗalibai, don haka mai da komai daƙiƙa. Gida ɗaya daƙiƙa 800 ne cif. Sai 46 sau 60, ya ba ka 2760. Raba da 800, ka samu uku da saura 360. Gida uku sun wuce, Ashwini, Bharani, Krittika, kana cikin na huɗu, Rohini. Pada ɗaya daƙiƙa 200 ce, saura 360 ya sa ka a pada ta biyu. Watan da Bature ya ce yana Jauza, ɗan Indiya ya ce yana Saur, cikin Rohini, kuma kowa da gaskiyarsa a awonsa. In debewa ta kai ka ƙasa da sifili, ƙara 360. Wanda aka haifa 5 ga Afrilu ranarsa tana wajen daraja 15 a Hamal. Debe 24, ƙara 360, ka samu 351: Hut ke nan, gidan ƙarshe, Revati. A lissafin Indiya rana ba ta shiga Hamal sai wajen 14 ga Afrilu.

Da gangan na zaɓi 70, don za ka iya gani da idonka. Tauraron Rohini shi ne wanda malamanmu ke ce wa Dabaran, ja-ja ne, yana bin sawun Kaza da ƴaƴanta, kuma darajarsa yau wajen 70 ɗin take. Cikin Disamba ko Janairu, a daren da hazo ya lafa, fita bayan gari inda babu fitila, bayan sallar isha, tsakanin daren 9 da 14 ga wata. Daren da manhajar ta nuna 70, za ka tarar da wata a kusa da Dabaran. Hasken farin wata zai dushe ƴaƴan Kazar, sai ka kare watan da tafin hannu, su fito.

Kazar nan ita ce Krittika a Indiya, ita ce Suraiya a wajen Larabawa. Chitra ita ce Simak, Jyeshtha ita ce Ƙalbu, zuciyar Kunama. Duk wanda ya zauna da tsofaffin manoman Adar ya ji suna ƙirga taurarin damina, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha, kowane kwana 13, Jabha 14, shekara ta cika 365. Sai dai manzilolinmu 28 ne, na Indiya 27, ko da yake su ma suna da na 28, Abhijit, da ba kasafai suke sa shi a rabon ba. Saboda haka kada ka jera sunayen lamba da lamba, a tsakiya za su goce maka. Bi tauraron da kansa. Albiruni ya yi irin wannan gwadin a littafinsa kan Indiya wajajen 1030.

A Indiya da manzilin haihuwa ake zaɓar harafin farkon sunan jariri, da shi ake duba dacewar aure, daga shi ake fara lissafin zangunan rayuwa na shekara 120. Ni nan na tsaya, ɗan'uwa. Alƙur'ani ya ambaci manzilolin wata a Suratu Yunus, aya ta 5, don a san adadin shekaru da lissafi, kuma hadisin Zaidu bin Khalid ya yi kashedi mai tsanani ga mai cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Inda wata yake abu ne da ake aunawa, a fita a tabbatar. Cewa wurin nan yana tsara halinka ko mijin ƴarka, wannan ba ni da hujjarsa, kuma ba na koyar da shi.

Abu biyu ne ke ɓata lissafin. Na farko sa'a. Agogon Nijar yana gaban na Girinwic da awa ɗaya, ka tabbata manhajar ta san haka. Wata yana cin kusan rabin daraja a awa, ranar haihuwa kaɗai ba ta isa ba. Da yawanmu takardar haihuwarmu "wajajen shekara kaza" ta ce, ko 1 ga Janairu da aka lanƙaya wa kowa. Mai irin wannan takarda ba zai fitar da manzilinsa ba, duk wanda ya ce zai fitar masa ƙarya yake. Wanda ya san rana bai san sa'a ba, ya lissafa na asuba da na dare, sau da yawa zai samu gida biyu, ya rubuta duka.

Na biyu bakin iyaka. In saurarka ta faɗo kusa da sifili ko kusa da 800, 24 zalla ba ta wadatar ba. Nemi ayanamsha ta shekarar haihuwar: ga wanda aka haifa shekara 36 da suka wuce, rage rabin daraja daga ta yau. Ka kuma duba wace ƙididdiga manhajarka ke bi, don ta Raman ta gaza ta Lahiri da kusan daraja ɗaya da rabi, wanda ya isa ya ƙetarar da wata daga Rohini zuwa Mrigashira, gidan da ke bin sa.