Yadda Nake Kamo Kalmar da Ta Maƙale Mini a Baki

Ran nan ina ba ɗalibaina labarin yadda kakata take kaɗi, sai sunan siririn itacen nan mai dunƙulen yumɓu a gindi ya kwanta mini. Ga shi ina ganinsa a ido, ina ganin yadda take murza shi zare yana naɗuwa, amma baki ya ƙi. Maburgi kawai ke zuwa, ni kuwa na san ba fura ake damawa ba. Yanzu idan haka ta same ni ina da hanyar da nake bi, kuma daga binciken masana halayyar ɗan Adam na tsince ta.

Abu na farko, daina kokawa da kalmar. A 2008 Amy Warriner da Karin Humphreys na Jami'ar McMaster da ke Kanada sun bar wasu mutane suna fama da kalmar da ta maƙale na daƙiƙa 10, wasu na daƙiƙa 30, kafin a faɗa musu amsar. Bayan kwana biyu, waɗanda suka fi daɗewa suna fama su suka fi sake maƙalewa a kan kalmar. Wato idan ka yi ta maimaita maburgi, maburgi, koya wa ƙwaƙwalwarka ɓatan hanya kake yi.

Sai ka zagaya ta wajen maƙwabtanta. Kalmomi ba a ware suke zaune a kai ba, kowace tana ɗaure da 'yan uwanta. David Meyer da Roger Schvaneveldt ne suka nuna haka a 1971 a Amurka. Sun riƙa nuna wa mutane rubutu biyu-biyu, ɗaya a saman ɗaya, su danna maɓalli su ce kalmomin gaskiya ne ko shirme. Idan kalmomin Turancin dangin juna ne, kamar nas da likita ko burodi da bota, amsa takan fi saurin zuwa da kimanin kashi 85 cikin 1,000 na daƙiƙa. Ƙiftawar ido ma ta fi wannan tsawo, amma ya isa ya nuna cewa taɓa kalma ɗaya yana farkar da ta kusa da ita. Allan Collins da Elizabeth Loftus sun fasalta abin a 1975 kamar raga: ka ja zare ɗaya, na gefensa su motsa. To ni ma sai in fara jerowa da ƙarfi: auduga, gurza, shiɓa, abawa, alli, masaƙi.

Gaskiya dai wannan kaɗai ba kullum yake fitar da ita ba. Ma'anar ai tana hannunka tun farko, sautin ne ya ɓace. Shi ya sa na fi ba mataki na gaba muhimmanci.

Tambayi kanka da wane sauti take farawa, kuma gaɓa nawa ce. Roger Brown da David McNeill sun gwada wannan a Harvard a 1966: suna karanta wa ɗalibai ma'anar kalmomin da ba a cika amfani da su ba, kuma wanda kalma ta maƙale masa sau da yawa yakan canki harafin farko da yawan gaɓoɓi daidai. Daga baya, a 2000, Lori James da Deborah Burke sun gano cewa furta kalmomi masu kama da ita a sauti yana taimakawa ta fito. A nan maburgin nan da ya dame ni ya yi rana, domin ya ba ni "ma" da gaɓa uku. Sai na bi baƙaƙe a hankali: maba, mada, maka, masa, maza... mazari! Ɗaliban suka kwashe da dariya don yadda na daka tsalle.

Idan duk ta ƙi, mayar da kanka wurin da ka fara jin kalmar. Duncan Godden da Alan Baddeley sun sa masu nutso cikin ruwa haddar kalmomi a 1975, wasu a ƙarƙashin ruwa wasu a tudu, kuma kowa ya fi tunawa a inda ya haddace. Ba sai ka hau mota ba. Rufe ido ka tuno tsakar gidan, tabarmar, muryar mai maganar.

Hattara ɗaya: ragar nan takan kamo abin da ba shi ba. A 1995 Henry Roediger da Kathleen McDermott sun karanta wa mutane jerin kalmomi irin su gado, hutu, mafarki da gajiya, da yawansu suka dage cewa sun ji "barci", alhali ba a faɗe ta ba. Don haka idan sunan mutum ne ko na magani, kada ka yarda da jin cewa "shi ne!" kawai, duba takarda ko ka tambayi wanda ya sani.

Da ta fito, faɗe ta a cikin jimla sau biyu, gobe da safe kuma ka tambayi kanka ita ba tare da ka leƙa ko'ina ba. Ni washegari a kan babur na yi tawa jarrabawar, ina cewa mazari, mazari, har mai babur ɗin ya waiwayo ya ce, "Malam, nan za ka sauka?"