Sa Bushin a Sandar Sarrafa Ƙaramin Jirgin Sama

Ni a nan Sakkwato, ba na bari injin huda ya ƙarasa ramin da bushin zai zauna, wato ɗan bututun ƙarfen da kusa ke bi ta cikinsa. Huda shi ƙanƙane, ka gyara shi da rima, ƙarfen da ke daidaita faɗin rami, har bushin ya shiga daidai, ba matsi ba girgiɗi. Bushin ya ɗara hannun sandar da yake ciki tsawo kaɗan, don noti ya matse shi, hannun kuwa ya juya sakayau.

Kusar jirgin sama mai lamba AN3 kaurinta inci 3/16 ne, AN4 kuma 1/4. Santsin jikinta ya zauna cikin bushin, ban da tiredi. In kusar da kanta ke juyawa, sa noti mai tsaga, ka zura fin ka lanƙwasa. Kusar kasuwa dai, a bar wa babur.

Giris kaɗan, ƙurar hunturu manne masa take.